Hayaƙin Mma Adisa a Bakin Kwalbati

Ku da aka turo mana bautar ƙasa bana, na ji abin da kuke faɗa a baranda. Wai aikin raya al'umma ba wuya: a kafa rumfa, a jera kujerun roba, a kira mai unguwa da liman, a yi jawabi, a ɗau hoto, a watse. To, madalla. In haka ne aikin, ni Memuna a banza na cinye takalma tun daga Salaga har nan Bawku, kuma gwiwar nan da ta hana ni sallah a tsaye ƙarya take yi mini. Ku jawo benci ku zauna in ba ku labarin aiki guda ɗaya. Kai mai jar hula, sa wayar nan a aljihu, ba inda za ta.

A Salaga na koyi aikin. Gidanmu gidan fataken goro ne tun kakanni, amma ni na tashi na tarar doya da hatsi ake yi, kuma babana ya so in zauna masa a rumfa. Na ƙi. Wanda aka haɗa ni da shi a ofis wani dogon tsoho ne, Malam Shaibu, mai keke, mai ƙarancin magana. Aikinmu na farko wani ƙauye ne wajen bakin ruwa, inda manoma da makiyaya suka samu saɓani, makarantar firamare ta zama kango. Na kwana biyu ina haddace jawabi a kan amfanin ilimi. Da muka isa da sassafe bai shiga garin ba. Ya jingine kekensa, muka zauna a kan wani gungume a bakin hanya, har rana ta fara zafi.

Ya ce, "Me kika gani?"

Na ce, "Malam, ban ga komai ba."

"Mata sun tafi rafi?"

"A'a."

"An saki awaki?"

"Ba a saki ba."

Ya ce, "To wa za ki yi wa jawabin naki? Mutanen da ba su saki akuya ba ne za su saki ɗa?"

Muka hau keke muka koma, ni a baya ina cika ina batsewa. Sai da muka yi ta zuwa muna zama a kan gungumen nan har ran da muka ga mata sun fito da tuluna, sannan ya ce in je in nemi malamin makarantar.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Takalmi mai taushi wanda za ki iya cirewa da sauri a ƙofar kowane zaure. Mayafi wanda launinsa bai yi kama da na wata jam'iyya ko wani gida ba, don a wasu garuruwan launin ɗankwali kaɗai ya isa a rufe miki ƙofa. Goro a jaka, ko da ke ba kya ci. Moto, wato babur, mai ƙoshin lafiya. Sai haƙurin zama, wanda shi ne ku ba ku da shi. Na ga yadda kuke mutsu-mutsu tun yanzu.

Daga Salaga aka mai da ni Yendi, a lokacin da garin bai gama hucewa daga nasa rikicin ba. Can na koyi abu biyu. Maganar da kika ji a zauren wannan gida, a zauren za ki bar ta, ba kya ɗauka ki kai wancan ko da sun rantse miki don sulhu suke tambaya. Na biyu, in za ki roƙi mutum ya sa kansa a haɗari saboda 'ya'yan wasu, ki gaya masa komai, har da abin da zai sa ya ƙi. In kika ɓoye ya gano daga baya, ba ke kaɗai ya daina yarda da ke ba, duk wanda zai zo bayanki da irin mayafinki ya shiga uku.

Masu hulɗa da mu kuwa kala-kala ne. Akwai malamin da aka turo daga kudu, jakarsa a ɗaure a bayan ƙofa, ƙarar tayar mota in ta fashe ya isa ya nufi tasha. Akwai mai unguwa da zai ce miki "ba matsala" alhali nasa jikokin ya tura su Tamale. Akwai samari masu zaman benci, waɗanda ba a yi musu magana kai tsaye, sai ta bakin uwa ko ta bakin maigidansu a kasuwa. Sai iyaye, su ne masu wuyar gaske, don ba sa gardama. Za su ba ki ruwa, su ce kin yi gaskiya, gobe yaro yana gida.

Yanzu ga aikin da na ce zan ba ku. Shekarar da rikici ya fi muni a nan garin ne, lokacin da dokar hana fita ta matse kowa, aka kuma hana maza hawa moto. Mu mata muka zama direbobin ofis, ni da girmana ina goya ma'aikaci namiji a baya yana riƙe da hularsa. Akwai wata ƙaramar sakandare da aka ba ni. Tana wannan gefen wani babban kwalbati, amma kusan rabin ɗalibanta daga tsallake suke zuwa, kuma kun san abin da nan da tsallake suke nufi a garin nan, ɓangarori biyu ne masu gaba da juna, ba sai na kira suna ba. Shugaban makarantar, Masta Yakubu, ya zo ofis ya zauna a inda kake zaune ɗin nan.

Ya ce, "Madam, 'yan tsallake sun daina zuwa. An kusa rufe rajistar jarrabawar fita. Yaron da ba ya aji ba zan iya sa sunansa ba, ba a hannuna abin yake ba."

Kafin nan an riga an roƙi jami'an tsaro su riƙa ajiye mota a ƙofar makarantar, kuma ta yi amfani, don saboda ita malamai suka kwance jakunkunansu, yaran wannan gefe ma suka dawo. Amma 'yan tsallake ko ɗaya. Ga shi kuma kwanakin an samu sauƙi, kasuwa tana ci, ba a ji harbi ba.

Na hau moto na tsallaka. Gidan da na fara shiga na Sule mahauci ne, don 'yarsa Ramatu tana ajin ƙarshe, kuma Masta ya ce in akwai wadda ba ya so ya rasa, ita ce. Na tarar da shi yana wasa wuƙa a tsakar gida. Ramatu tana wanke-wanke a gefe, ta gaishe ni ta koma ciki.

Ya ce, "Madam, ni ba ni da faɗa da boko. Ni na saya mata yunifom. Amma motar sojan nan da kike faɗa, a ƙofar makaranta take, ba a kan hanya ba. Kuma mota ba ta tsayawa inda ba a tsammanin komai."

Na ce, "To me zai sa ka bar ta ta fita?"

Ya nuna matarsa da bakin wuƙa. "Tambaye ta. Kullum da safe tana hawa turmi ta leƙa ta katanga. Ba hayaƙi a kwalbati."

Ni da nake ganin na san garin, sai a ranar na gane. Akwai wata mata, Mma Adisa, da ta daɗe tana dama koko da suyar ƙosai a bakin kwalbatin nan, tun wasu iyayen suna 'yan makaranta. Kowa yana saya a wurinta: direbobi, mahauta, samarin nan da na tsallake. In wani abu zai tashi, sai an samu wanda ya sunkuya yana karɓar ƙosai ya ce, "Mma, gobe ki huta." Ba ta tambayar dalili, ba ta gaya wa kowa, sai dai gobe ba ta hura wuta. Ba wanda ya zauna ya tsara wannan, amma iyayen tsallake duka da hayaƙinta suke duba gari. In ya tashi, a yi wa yara wanka. In babu, kowa ya zauna. To watannin baya an harbe ɗanta Issaka a daidai wurin, yana taya ta sauke itace. Tun ranar ba ta sake fitowa ba, don haka a idon 'yan tsallake hanya a rufe take kullum.

Sule ya raka ni ƙofa ya ce, "Bari in gaya miki gaskiya. Ƙanwata tana Kumasi, ta ce akwai wurin kwana. In aka rufe rajistar nan yarinyar tana gida, za ta bi motar shanu ta je ta yi dako a kasuwa kamar sauran. Ba zan ajiye budurwa tana kallon bango ba."

Na san abin da wannan yake nufi. Na ga 'yan matanmu da suka tafi ɗaukar kaya a kudu, na ga yadda suke dawowa, kuma ban taɓa ganin wadda ta koma aji ba.

Dabarar da ta fara zo mana ita ce wadda ta zo muku yanzu, na gani a fuskarku. A nemo wata mai ƙosai. Mun nemo. Wata yarinyar mace ce mai ƙoƙari, muka taimaka mata da itace, ta zauna a wurin, hayaƙi ya tashi har sama. Ƙosanta ma ya fi na Mma Adisa laushi, in za a faɗi gaskiya. Ba yaron da ya tsallako. Na koma wurin matar Sule, ta dube ni kamar na zo sayar mata da ruwan rafi.

Ta ce, "Haba Madam. Wannan wa zai gaya mata? In za a yi abu, ita ce ta farko da za ta ji shi a jikinta."

Muka ba yarinyar haƙuri ta koma bakin tasha inda take da.

Saura Mma Adisa kanta. Amma akwai abin da duk garin yake faɗa a ƙasa-ƙasa: cikin samarin da aka gani a kwalbati ranar da aka kashe Issaka har da yayan Ramatu, babban ɗan Sule, wanda tun lokacin ya ƙetare iyaka ba a sake ganinsa ba. Ni ban gani ba, ba kuma hukumar da ta tabbatar.

Na same ta a ƙofar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa. Gajeruwa ce, hannayenta duk tabon mai. Na yi mata ta'aziyya na sake yi, sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Na gaya mata haɗarin, na ce ba ni da ikon tsare ta, motar tsaro ba za ta matso kwalbati ba, in ma ta matso ta ɓata aikin. Sannan na ce, "Mma, cikin yaran da za su wuce ta gabanki har da 'yar Sule mahauci. Ita ce ma ta fi kowa matsuwa. Kin san abin da ake faɗa a kan gidansu. Ban zo in ce miki ƙarya ne ba, don ban sani ba."

Ba ta daina ɓarar gyaɗar ba. Ta ce, "Kin gama?"

Na ce na gama.

"To tashi ki fita mini daga gida."

Na sa takalmina na fita.

A nan ne ku za ku rubuta rahoto ku ce al'umma ba ta ba da haɗin kai ba. Ni na koma bayan kwana biyu, ban ɗauko maganar ba. Ba a roƙon mutum abu irin wannan sau biyu, ya ji tun farko. Na zauna na taya ta tsintar wake. Wata rana na kai ta asibiti a moto a duba mata hawan jini. Wata rana ko kallona ba ta yi ba, na zauna na gaji na tafi. Masta Yakubu kuwa kullum yana kirana, har na daina ɗauka, don ba ni da abin gaya masa.

Ban zauna jiran ta kawai ba. Akwai aikin da ya fi wannan nauyi, wanda in ba a yi shi ba, fitowarta tarko ce. In ta hura wuta iyaye suka saki yara, alhali ba mai raɗa mata komai yanzu, mun jawo su bakin bindiga da hannunmu. Don haka na bi ta wurin sarkin fawa, na bi ta wurin shugaban direbobi, na bi ta wurin wasu tsofaffin mata biyu, ɗaya nan ɗaya tsallake, waɗanda samari ba sa iya ɗaga musu murya. Ban ce kowa ya ajiye makami ba, wannan ya fi ƙarfina. Ban ce su yi sulhu ba. Abu ɗaya na roƙa: in Mma Adisa ta dawo, a ci gaba da gaya mata ran da za ta huta, kamar da. Wani a cikin na tsallake ya aiko mini da amsa ta bakin kakarsa, wai abin da ya faru da Issaka ba da niyya ba ne. Na ce ta mai da masa maganarsa, ba saƙon da na zo ɗauka ba ke nan.

Ana saura kaɗan a rufe rajista, na shiga gidan Mma Adisa na tarar ta fito da kasko tana jujjuya shi.

Ta ce, "Ya yi tsatsa. Miƙo mini toka da yashin can."

Muka zauna muka goge shi har ya yi haske. Sai da muka gama ta ce, "Za ki zauna kusa da ni kullum, daga hura wuta har kashewa. Kuma bakinki kada ya kira mini sunan yarinyar nan."

Na ce na yarda.

Ranar farko, da dokar ta saki mutane da safe, na ɗauko ta da kayanta a moto. Ta tsaya ta dubi wurin da aka saba sauke itace, sannan ta ce a matsar da murhun gaba kaɗan. Ta hura wuta. Itacen ɗanye ne, da gangan ta zaɓe shi, hayaƙi ya turnuƙe har ina tari. Direbobi suka fara zuwa, kowa ya ce "Mma, sannu da fitowa," ya karɓi kokonsa ya tsaya nesa yana sha. Yaro ko ɗaya bai tsallako ba. Washegari ma haka. Ita ta ci gaba da suyarta, ni kuma na koyi juya ƙosai, na ƙona yatsu, ta ce hannun 'yan ofis sai biro.

Sai ƙanana suka fara zuwa, 'yan firamare, iyayensu mata suna tsaye a can bakin tsallake da hannu a ƙugu har su shige. Bayan su manya. Ran da Ramatu ta fito, uwarta ce ta rako ta har tsakiyar kwalbati. Yarinyar ta sunkuyar da kai, ta bi ta can gefen hanya, ta wuce mu da sauri ba ta tsaya ba. A ranar Masta ya sa sunanta.

Haka ta riƙa yi, kullum ta can gefe. Wata safiya Mma Adisa tana zuba ƙullu a mai, ba ta ɗago ba, ta ce mini, "Kowane yaro yana tsayawa a nan, sai ɗaya. Samarin bencin can suna da ido. Wanda ya ware kansa shi ake ganewa. Ki gaya mata ta tsaya ta saya kamar kowa."

Na gaya mata. Washegari Ramatu ta tsaya a layi. Da aka zo kanta, Mma Adisa ta ɗebi ƙosai ta naɗe a takarda, ta miƙo mini, ni na miƙa wa yarinyar. Haka muka yi har ƙarshen zangon. Duk sauran yara hannu da hannu take ba su, tana yi musu faɗan yunifom mai datti. Wannan ɗaya sai ta hannuna.

Sau ɗaya raɗar ta zo. Wani kwandasta ne, yana karɓar koko ya sunkuya. Da muka tashi ta ce mini, "Gobe kada ki zo ɗaukata." Na je na gaya wa Masta kada ya yi tsammanin 'yan tsallake, bai tambaye ni ba. Washegari ba hayaƙi, ba yaro a hanya, kuma kafin azahar aka yi ta'asa a wajen tasha. Bayan wannan, gidajen da suka rage suna shakka su ma suka saki nasu.

Sau ɗaya kuma abin ya zo ba raɗa. Yara sun cika kwalbati, sai muka ji ƙara, tau, tau, daga wajen hanyar Pusiga. Wallahi na ji tsoro, ban san lokacin da na miƙe ba. Ta kama bakin zanena ta fizgo ni ƙasa.

Ta ce, "Zauna! Wannan daga nesa ne. In kika tashi za su watse, kuma ba ki san inda za su nufa ba."

Ta ɗaga murya ta ce, "Kai yara, ku zo ku kwashe gutsuren ƙosan nan kafin in ba kaji!" Suka taho suka taru a bayan katangar da ke kare murhun, ƙanana a ciki, manya a baki. Ta ci gaba da suya. Muka zauna har ƙarar ta ɗauke, Masta ya fito da malamai biyu suka shige da su. Da aka watse ta ce in duba mata ko man ya ƙone, ya kuwa ƙone.

Jarrabawa ta zo, a wata makaranta da ke wannan gefe aka yi ta. Duk kwanakin hayaƙi ya tashi. 'Yan tsallake na ajin ƙarshe sun rubuta, ban da biyu da iyayensu suka riga suka kwashe su zuwa Gushegu. Ramatu ta rubuta duka. Daga baya ta samu gurbi a babbar sakandare a Nalerigu, motar shanu ta tafi Kumasi ba da ita ba. Wannan shi ne abin da aka rubuta a rahoto, kuma gaskiya ne. Amma ranar ƙarshe nake so ku ji, don ita ba ta shiga rahoto ba.

Ranar mun daɗe ba mu tashi ba, muna jiran su fito. Wajen la'asar sai ga Ramatu daga tsallake, ta riga ta je gida ta dawo, tana ɗauke da ƙunshi a leda. Cinyar rago ce guda, babanta ya aiko. Ba ta zo wurina ba. Ta wuce kai tsaye gaban Mma Adisa, ta durƙusa har ƙasa, ta ajiye ƙunshin.

Ta ce, "Mma, na gama. Babana ya ce a gaishe ki. Allah ya saka da alheri, Allah ya ji ƙan..."

Ba ta ƙarasa ba. Mma Adisa ta ɗaga hannu. Ba ta dubi yarinyar ba, ni ta duba.

Ta ce, "Memuna, tambaye ta, ta rubuta duka?"

Na ce, "Ta rubuta, Mma."

"Ba wadda ta bari?"

"Babu."

Ta ce, "To alhamdulillahi. Gaya mata ta tashi. Ba ta yi mini komai ba, ban riƙe ta da komai ba, Allah ya ba ta sa'a. Amma kada ta sake durƙusa mini, kuma sunan ɗana kada ya fito daga bakin kowa na gidansu. Naman nan a mayar."

Ramatu ta tashi tana kuka ba sauti. Na ce ta wuce gida. Mma Adisa ta ɗauki bokiti ta kwara wa murhun ruwa, ta kife kasko, ta ce in kai ta gida bayanta yana ciwo. Ban yi mata wa'azin yafiya ba. Abin da na roƙa ta yi shi, har da ƙari, sauran ba hurumina ba ne.

Da na sauke ta na dawo, ƙunshin yana nan a kan dutse inda aka bar shi, ƙuda sun fara taruwa. Ba wanda zai taɓa shi, kuma ba a barin abu irin wannan a bakin hanya kowa yana gani yana fassarawa. Na ɗaure shi a bayan moto na tsallaka. Duk hanya ina shirya abin da zan ce, don mayar wa mahauci da namansa ba ƙaramin abu ba ne, an yi faɗa a garin nan a kan abin da bai kai haka ba.

Sule yana zaune a ƙofar gida. Ya ga ledar tun daga nesa, ya miƙe tsaye. Na kashe moto, na kwance ƙunshin, na buɗe baki zan fara ba shi haƙuri. Ya sa hannu biyu ya karɓa, ya sunkuyar da kai, bai tambaye ni dalili ba.